Da ɗan gari akan ci gari: Babur da sanin hanya, daga Shanono zuwa Alaska

Idan ruwan Agusta ya kwana yana zuba a ƙasar Shanono, abu na farko da ɗan acaɓa ke yi idan ya iso bakin rafi da safe shi ne ya kashe mashin. Zai sauke fasinja, ya tsaya ya ƙare wa ruwan kallo. Idan ja ne, yana gudu da karare da ganyaye, ya san daga sama yake tafe kuma bai gama zuwa ba, don haka sai a jira. Idan ya fara lafawa, zai naɗe wando ya shiga da ƙafa yana taka ƙasa, domin mashigar da aka bi jiya ba lallai ba ne a same ta yau. Yashi yakan tashi cikin dare ya bar rami.

Fasinjan da ke tsaye a gefe, ko malamar asibiti ce da jakar allurar riga-kafi ko ɗan kasuwa mai neman barkono, yana ganin kuɗin mai da na goyo zai biya. Amma abin da ya fi tsada a tafiyar shi ne wannan kallon ruwa da ɗan acaɓan ya yi, kuma ba a taɓa sa masa farashi ba.

A daidai waɗannan makonni, a can ƙarshen arewacin duniya, akwai mutanen da ke biyan dubban daloli domin wani ya shige musu gaba a kan babur, ya ratsa da su dajin da babu gari. A can sana'a ce mai kamfanoni da inshora da talla. A Shanono kuwa ilimi ne da ake raba shi kusan kyauta, kuma tun daga ƙarshen 2025 ya shiga wani hali, domin babur ɗin da ke kai mara lafiya asibiti shi ne kuma ke kawo 'yan bindiga.

Yawon da ake biya da dala

Alaska jiha ce ta Amurka da ke can arewa, girmanta ya kusa ninka Najeriya sau biyu, amma ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta ba su kai 750,000 ba. Mafi yawan shekara ƙanƙara ce ke rufe ta. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da damina ke kankama a ƙasar Hausa, a can ƙanƙara ke narkewa, hanyoyi su buɗe, masu yawon babur su fito.

Hanyar da ta fi suna a wajensu ita ce Dalton, mai tsawon mil 414, wato kimanin kilomita 666. An gina ta a 1974 domin kai kayan aikin shimfiɗa bututun mai, kuma sai a 1994 aka bar kowa ya bi ta har ƙarshenta. Tana farawa ne arewa da birnin Fairbanks, ta haura tsaunuka, ta ƙare a Deadhorse, wani sansanin ma'aikatan mai kusa da tekun Aktik. Daga zangon Coldfoot zuwa Deadhorse kusan kilomita 390 ne babu gidan mai ko ɗaya. Wannan ya fi nisan Kano zuwa Kaduna nesa ba kusa ba.

Wurare da dama a hanyar tsakuwa ce da burji. Ana zuba mata wani sinadari mai kama da gishiri don kwantar da ƙura, kuma da zarar ruwan sama ya taɓa shi sai ta yi santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Manyan motocin kamfanonin mai su ne sarakunan hanyar, suna wucewa suna watso duwatsu. Ga sauro kamar hadari, ga dabbar beyar wadda ke iya halaka mutum, ga sanyin da kan sauko ko a tsakiyar watan Yuli. Sabis ɗin waya kuwa sai a 'yan wurare. Maƙwabciyarsu Kanada ma tana da irin wannan hanya, Dempster, wadda aka buɗe a 1979, aka kuma ƙara mata tsawo a 2017 har ta kai garin Tuktoyaktuk a bakin teku.

Saboda haka ne da yawa ba sa tafiya su kaɗai. Kamfani ne ke ba da hayar babur, ya haɗa ayarin mutum kaɗan. Jagora yana gaba. Mota tana biye da tayoyi da mai da kayan gyara da na agajin gaggawa, da wayar da ke aiki da tauraron ɗan'adam. Kowace safiya jagora zai tara mutanensa ya faɗa musu nisan da za a ci, inda za a sha mai, inda hanya ta lalace, da inda za a kwana. Idan ya ce yau ba za a haura tsauni ba saboda yanayi, magana ta ƙare, ko da kuwa wanda ya biya kuɗin attajiri ne.

Babur ɗin kowa na iya saye. Taswira kuma tana cikin waya. Abin da baƙo ba zai samu a kanti ba shi ne mutumin da ya bi hanyar sau da yawa har ya san halinta, da kuma tabbacin cewa idan ya faɗi akwai mai ɗaga shi.

Shanono ba daji ba ce

Ƙaramar Hukumar Shanono tana arewa maso yamma da birnin Kano, a shiyyar Kano ta Arewa, tana maƙwabtaka da Bagwai da Tsanyawa da Gwarzo, sannan ta yi iyaka da Jihar Katsina. Faɗinta murabba'in kilomita 697 ne, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 140,607, wato kusan mutum 200 a kowane murabba'in kilomita tun a wancan lokacin. Mazaɓunta goma sun haɗa da Faruruwa da Tsaure da Kokiya da Alajawa da Leni da Goron Dutse.

Wannan ƙasa ce da kowane taku yake da mai shi. Gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da ake gani a tsakiyar gonaki ba tsirowa kawai suka yi aka ƙyale su ba, kowace bishiya akwai wanda ya gaje ta. Masana ƙasa irin su Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana nazarin karkarar Kano, sun yi rubutu mai yawa a kan yadda manoman wannan yanki ke noma fili guda shekara da shekaru ba tare da sun bar shi ya huta ba, suna riƙe shi da takin gargajiya.

Amma yawan jama'a bai hana baƙo ɓata ba. Da rani ana hango gari daga nesa, kuma babur na iya yanke ta cikin gona. Da damina, gero da dawa da masara kan tashi su fi mutum tsawo, sai hanya ta koma wani siririn lungu tsakanin bango biyu na ganye. Mararraba uku za ka wuce duk kamarsu ɗaya. Burtalin da shanu ke bi ya zama taɓo. Kwalbatin da aka bi a watan Yuni ruwa ya cinye gefensa a Agusta. Manhajar taswira a waya takan nuna layi a inda yanzu kwazazzabo ne, ko ta nuna babu komai a inda hanya take.

A nan ne ɗan acaɓan ƙauye ke zama abin da jagoran Alaska yake. Ya san jigawa inda yashi ke kama taya, ya san fadama inda laka ke riƙe mashin har sai an taru an ɗaga. Ya san a wane ƙauye ake samun mai faci, da wanda ke sayar da fetur a kwalba wanda ba a gauraya ba. Idan ruwa ya shiga salansa ko fulogi ya jiƙe, ba ya neman bakanike, da kansa zai kwance ya goge ya mayar. Ya san ranar kowace kasuwa. Ya kuma san abin da ya fi waɗannan duka, wato wanda ya kamata a fara gaisarwa idan an shiga gari, mai unguwa ne ko dagaci ko liman, da irin gaisuwar da za ta sa a ba baƙo tabarma da ruwa.

Da irin wannan sani ne ma'aikatan riga-kafi suka kai ga rugage da ƙauyukan da mota ba ta shiga, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan-inna a watan Agustan 2020. Da shi ake kai akwatunan zaɓe, da malaman makaranta, da buhunan taki. Da shi kuma ake fita da mace mai naƙuda da tsakar dare, a goya ta a tsakiya, wata 'yar'uwarta ta riƙe ta ta baya.

Kuɗin da ake biya kuwa bai taka kara ya karya ba, musamman tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Fasinjan ƙauye ba shi da abin da zai ƙara, don haka ɗan acaɓa ne ke haɗiye bambancin, ko ya ƙara yawan mutanen da yake goyawa. Da yawa kuma babur ɗin ba nasu ba ne, akwai balas da za su kai wa mai shi.

Tun zamanin madugu

Biyan wanda ya san hanya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, a arewacin Ghana ta yau, ba sa fita sai da madugu. Shi ke yanke ranar tashi, shi ke zaɓen zango, shi ke sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu a kan kuɗin fito. A ƙarƙashinsa akwai jagaba, wanda ke shigewa gaba ya duba hanya, da uban dawaki, da malamin ayari. Tafiya ce ta watanni, kuma dukiyar mutane da rayukansu suna wuyan mutum guda. Har yau masu ayarin raƙuman gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma suna kiran jagoransu madugu.

Wanda ya dubi tsarin ayarin baburan Alaska, da mai shigewa gaba da mai kula da kaya da zangon da aka tsara tun kafin a tashi, zai ga bai yi nisa da na fatake ba. Bambancin shi ne su fatake riba suke nema, waɗannan kuwa nishaɗi.

Masu yawon babur ma sun daɗe da sanin hanyar da ke sauka ƙasar Hausa. A watan Disambar 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan a kan babur mai akwatin gefe. Suka keta Sahara, injinsu ya lalace sai da aka gyara shi a Agadez, suka ratsa Arewacin Najeriya, suka isa birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a watan Yulin 1935. Shekaru da dama bayan nan, hanyar Aljeriya zuwa Tamanrasset, Agadez, Damagaram har Kano ta kasance babbar hanyar Turawa masu keta Afirka da mota ko babur.

Yau an daina bin ta. Lokacin da ɗan Najeriya Kunle Adeyanju ya tuƙo babur daga Landan zuwa Legas a 2022, domin tara kuɗin yaƙi da shan-inna, ta yamma ya biyo: Maroko, Muritaniya, Senegal, ya gangaro ta Ghana da Togo da Benin. Ya tashi a watan Afrilu ya iso a ƙarshen Mayu.

Darasin Agadez

Idan ana neman wurin da sana'ar jagorancin baƙi ta taɓa kafuwa sosai a kusa da ƙasar Hausa, Agadez ce, garin da Hausa ce harshen kasuwarsa.

A 1977 wani Bafaranshe mai tseren babur, Thierry Sabine, ya ɓata a Sahara har sai da aka ceto shi. Daga nan ya ƙirƙiro gasar Paris-Dakar, wadda aka fara a ranar 26 ga Disambar 1978. Ababen hawa 182 ne suka tashi, 74 suka isa Dakar, kuma mai babur ne, Cyril Neveu, ya zo na ɗaya. Gasar ta bi ta Agadez da Yamai. Hotunan tsaunukan Ayar da rairayin Tenere suka cika talabijin a Turai, baƙi suka fara tururuwa, galibi a lokacin sanyi.

Matasan Buzaye da suka san rijiyoyi da taurari suka zama jagorori da direbobi da masu dafa abinci. Fitaccensu shi ne Mano Dayak, wanda ya kafa kamfanin yawon buɗe ido a garin, kuma filin jirgin saman Agadez sunansa yake ɗauke da shi a yau. Maƙeran azurfa da dukawa da masu otal duk sun ci moriya. A 1991 hukumar UNESCO ta sa yankin Ayar da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya.

Sai tawaye ya ɓarke a farkon shekarun 1990. An yi sulhu a 1995, shekarar da Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgin sama, baƙi suka fara dawowa. A 2000 aka kwashe masu gasar Dakar a jirgi daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar hari. A 2007 wani tawayen ya tashi, aka binne nakiyoyi a hanyoyi. A 2008 aka soke gasar baki ɗaya bayan kisan wasu Faransawa huɗu a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020. A watan Satumbar 2010 aka sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit. Jiragen 'yan yawon buɗe ido suka daina sauka.

Sanin hanya bai mutu da tafiyar baƙi ba, sai dai ya nemi wani mai saye. Da yawa daga cikin direbobin da jagororin suka koma jigilar bakin haure zuwa Libiya. Wasu suka nufi haƙar zinare a Djado bayan an gano shi a 2014. A 2015 Nijar ta yi dokar da ta haramta safarar bakin haure, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, kafin gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar a watan Nuwambar 2023.

Akwai kuma abin da ya faru a Kure, kusa da Yamai, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa. A ranar 9 ga Agustan 2020 wasu mahara a kan babura suka kashe mutum takwas: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da jagoransu ɗan yankin. Wanda ya san dajin, shi ma bai tsira ba.

Ranar da babur ya zama abin tsoro

Shekaru da dama Jihar Kano tana jin labarin 'yan bindiga daga Zamfara da Katsina. A ƙarshen 2025 abin ya tsananta a wannan ɓangaren iyakar, kuma Shanono da Tsanyawa na cikin inda ya fi shafa. A farkon Nuwamba rundunar soji ta sanar da cewa dakarunta sun kashe 'yan bindiga 19 a wata arangama a Shanono, inda ta rasa sojoji biyu da ɗan sa-kai guda. Kwanaki kaɗan bayan haka aka shiga ƙauyen 'Yan Kwaɗa da ke yankin Faruruwa aka sace mata. Iyalai suka riƙa barin ƙauyukan bakin iyaka suna kwana a garuruwan da suka fi girma. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ba jami'an tsaro motoci da babura domin sintiri a ƙananan hukumomin da abin ya shafa.

Maharan a kan babura suke zuwa, biyu-biyu ko uku-uku. Dalilin da ya sa babur ya dace da manomi shi ne ya sa ya dace da su: yana bin burtali da gefen gona, yana haye rafin da motar sintiri ba za ta iya ba, kuma idan shuka ta yi tsawo ba a hango shi. Ƙarar mashin da daddare, wadda a da ke nufin wani ya dawo daga kasuwa, yanzu tana sa a tashi zaune.

A nan ne karin maganar nan ta da ɗan gari akan ci gari ke nuna ɗaya fuskar tata. A duk inda matsalar ta yi ƙamari a Arewa maso Yamma, ana kukan masu kai wa 'yan bindiga bayanai, waɗanda ake kira infoma. Baƙo ba ya sanin gidan da aka sayar da shanu jiya, ko mashigar da ke ɓullewa bayan gari, sai an nuna masa. Shi ya sa zargi kan fara sauka a kan mutumin da kowa ya san ya san hanya, kuma kullum yana kanta. Ɗan acaɓa mai gaskiya ya shiga tsaka mai wuya: maharan na iya tare shi su ƙwace mashin, jami'in tsaro na iya tsare shi a shinge, mutanen gari kuma suna lura da wanda ya goyo.

Martanin da hukumomi suka saba bayarwa shi ne taƙaita babur. Kano ta hana acaɓa a birni a watan Janairun 2013, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, kuma gwamnatin jihar ta sake jaddada dokar a ƙarshen 2025. A Katsina, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a wata doka a ƙarshen Agustan 2021 da ta hana goyon mutum uku, da sayar da fetur a jarka, da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. A watan Yulin 2022 Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce Gwamnatin Tarayya na duba yiwuwar hana babura a faɗin ƙasa. Nijar ma ta hana hawa babur a sassan Diffa da Tillaberi.

A birni akwai A Daidaita Sahu da ya maye gurbi. A ƙauyen da ke bayan rafi babu abin da zai maye. Kwana guda aka tsayar da babur, tumatir zai ruɓe a gona, malami ba zai je aji ba, mai naƙuda kuma sai amalanke.

Ilimin da ya kamata a riƙe

Ba wanda zai ce a kawo 'yan yawon buɗe ido Faruruwa a wannan hali. Tsaro ne farko, kuma labarin Agadez ya nuna cewa hari guda na iya rushe abin da aka shekara goma ana ginawa. Amma labarin ya nuna wani abu kuma: idan aka bar masu sanin hanya babu halastacciyar kasuwa, wata kasuwar za ta neme su.

Akwai abubuwan da ba sa buƙatar biliyoyi. 'Yan acaɓa suna da ƙungiyoyi da tashoshi, kuma masu unguwanni sun san 'ya'yan kowane gida. Rajista a matakin mazaɓa, da riga mai lamba da katin shaida, za su taimaka wa soja a shinge ya bambance ɗan gari da baƙo, su kuma kare mai gaskiya daga zargi. Hukumomi da ƙungiyoyin da ke aika ma'aikata ƙauyuka za su iya ɗaukar waɗanda aka tantance a matsayin jagorori, a biya su kuɗin jagoranci daban da na goyo. Koyar da su agajin gaggawa zai yi amfani, tunda su ke fara isa wurin haɗari. Hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta wajabta tun farkon 2009, har yanzu da wuya a gan ta a kan ɗan acaɓan karkara. Su ne kuma suka fi kowane injiniya sanin kwalbatin da zai karye a damina mai zuwa, idan da za a tambaye su tun da rani.

Sai dai akwai hattara. Duk wanda aka gani yana yi wa jami'an tsaro jagora a fili ya zama abin nema, shi da iyalinsa. Duk tsarin da zai amfana da iliminsu dole ya san yadda zai rufa musu asiri.

Idan Allah Ya kawo sauƙi, abin nunawa ba zai yi wuya ba. Kano na karɓar baƙi a lokacin hawan Sallah, wanda UNESCO ta amince da shi cikin al'adun duniya a watan Disambar 2024. Akwai masu manyan babura a Abuja da Legas da ke neman inda za su je a ƙarshen mako. Akwai kuma yaran birni da suka girma ba su taɓa ganin gero a tsaye ba. Tafiyar yini guda daga Kano, a biya ta madatsar ruwan Watari a Bagwai, a ratsa gonaki da duwatsun Shanono lokacin da ƙasa ta yi kore shar, a ci kasuwar ƙauye, a sha fura a inuwar tsamiya, ba ta buƙatar otal ko filin jirgi. Tana buƙatar jagora, kuma yana nan a tasha yana jiran fasinja.

A arewacin Alaska, a tsakiyar lokacin zafi, rana ba ta faɗuwa na tsawon makonni. Masu yawon babur kan yi tafiya har ƙarfe goma sha ɗaya na dare da haske tarwai, kuma wannan na cikin abin da suke biyan kuɗi su gani. A ƙauyukan bakin iyakar Shanono lissafin ya sha bamban. Da la'asar ta yi sanyi ɗan acaɓa ke fara duban rana. Fasinjan da ya zo a makare, ko nawa zai biya, akan ba shi haƙuri a ce ya kwana sai da safe, domin mai mashin yana so kiran sallar magariba ya same shi a gida.